Gyare a Kunnen Hagu

Lahadi, da hantsi

Jiya mun ci Iseyin da yaƙi. Na nemi wata kalma da ta fi wannan dacewa ban samu ba.

Bikin binne wata tsohuwa masaƙiya aka yi, wadda ta ga jikokin jikokinta, don haka babu kuka, shagali ne zalla. Kamar yadda aka saba, kowanne cikin 'ya'yanta ya kafa rumfarsa ya ɗauko mawaƙinsa, kada a ce wani ya fi shi son uwarsa. Babban ɗan shi ya ɗauko mu. Autar kuwa ta kwaso wasu samari daga Legas da lasifikoki tuli guda, aka girke su suna kallonmu, tsakaninmu bai wuce faɗin titi ba.

Alhaji Buraimo, ubangidanmu, mawaƙin da nake yi wa kiɗa tun ban fara aske gemu ba, ya dubi kayan nan nasu. Yatsa kawai ya ɗaga wa Kamoru mai injin sauti, alamar a ƙara. Suka ƙara nasu, ya sake ɗaga yatsa. Haka aka yi ta yi har Kamoru ya nuna masa cewa maɓallin ya ƙure.

Ni wurina sananne ne: hagun Alhaji, uwar kalangu a hammata, tulin lasifikokinmu dab da kafaɗata ta hagu. To wallahi jiya na ga sauti da idona. Ruwan da ke cikin robobi a kan tebura rawa yake yi. Hannun babbar rigata yana kaɗawa alhali babu iska. Jemagun da ke barci a bishiyar mangwaro suka tashi da rana tsaka, suka rufe sama. Da Alhaji ya ɗauko kirarin gidan tsohuwar na amsa masa da kalangu, sai na ji amsar ta fito daga ƙasa, ta bi ƙafafuna, ta tsaya a haƙorana. Subhanallahi. Fatar akuya da guntun sanda, a ce su ne suke girgiza gari haka.

Kafin la'asar ta yi sanyi samarin Legas sun kashe injinsu, baƙin autar suka ɗauko kujerunsu suka dawo rumfarmu. Na ci amala malmala uku don murna.

Kunnena na hagu yana ƙara, shiiii, kamar gyare ya shiga. An saba. Kowace Lahadi haka nake tashi, kafin Litinin ya tafi.

Litinin, bayan magariba

Bai tafi ba.

Laraba, da azahar

Na kai wayata wurin mai gyara a kasuwar Oja'ba. Na ce masa ta lalace, in aka kira ni sai in ji mutum kamar daga cikin rijiya yake magana. Ya kira ta da tasa wayar, ya kara a kunne, ya ce, "Baba mai kalangu, wayar nan ta fi ni lafiya." Ya miƙo mini. Hannun dama na sa na karɓa, don haka a kunnen dama na kara. Murya tar, har numfashinsa ina ji.

Na yi masa godiya, na ce ai da ma lokaci-lokaci take yi. Ban hau acaba ba, da ƙafa na tako har gida. Gari ya yi kyau yau ƙwarai.

Alhamis, da safe

Gyaren yana nan.

Iya Tawa, matata, ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu ta ce tun ɗazu take kirana kunu yana hucewa. Na ce tunani nake yi. Ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa kama ni ina tunani ba, yau kuma wane gari ne zai ci wuta. Ta ɗumama man alayyadi ta ɗiga mini a kunne, na kwanta a cinyarta kamar jariri. Ya yi daɗi, amma gyare ya iya iyo.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ina fitowa wani ya kira sunana, Ayandokun, na juya dama ina washe baki. Babu kowa sai bango. Mutumin yana hagu yana dariya. Ashe kunne biyu ne suke gaya wa mutum inda duniya take, ni ban taɓa sani ba.

Da na dawo na sauko da uwar kalangu zan ja mata tsarkiya. A gidanmu duk wanda aka haifa da Ayan sunansa yake farawa, makaɗi ne tun yana ciki, kuma ba a taɓa koya wa ɗayanmu jan tsarkiya da baki ba. Kunne ne yake gaya maka ta yi ko ba ta yi ba. Ban san abin da ya kai ni ba, na toshe kunnen dama da yatsa, na girgiza ƙananan ƙararrawoyin tagulla da ke zagaye da bakinta.

Suna motsi. Suna ƙyalli a rana. Babu ƙara ko kaɗan.

Na cire yatsa, ga su nan, caras-caras. Na mayar, suka ɓace. Na daɗe ina wannan wasa kamar yaro. Ba tsoro na fara ji ba, mamaki ne. Abu yana nan a hannunka, Allah ya ɗauke rabinsa ya bar maka rabi, kuma wanda ke zaune kusa da kai ba zai ga komai ya canja ba. Tsoron sai daga baya ya zo, lokacin da na ji 'yata Tawa tana waƙa a tsakar gida na kasa gane ta wace kusurwa take.

Asabar, da yamma liƙis

Biki a Ogbomoso. An yi lafiya. Ba ni da abin rubutawa.

Lahadi, da asuba

Yanzu gyare biyu ne. Na daman ƙarami ne, muryarsa ta fi siriri.

Litinin, da hantsi

Iya Tawa ta ce ko in tafi asibiti da ƙafata, ko ta kira yayyena su ɗauke ni kamar buhun doya. Ban gaya mata na dama ya fara ba. Ta gani ne, don ta kama ni ina juya kai ina neman muryarta.

Talata, da la'asar

Likitar kunnen mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta sa ni a wani ɗan ɗaki mai bango mai laushi, ta tura ƙofa mai kauri ta rufe.

Ya Rabbi. Ban san akwai wuri irin wannan a cikin Ibadan ba. Babu janareta, babu hon, babu mai wa'azi, babu akuya. Na ji zuciyata tana bugawa. Na ji yawu yana gangarawa a maƙogwarona. Na juya kai na ji wuyana yana ƙas-ƙas. Ashe shekara da shekaru ina yawo da ƙungiyar makaɗa guda a cikin jikina ban taɓa tsayawa na saurare su ba. Da babu gyaren nan biyu, da na roƙe ta ta bar ni in wuni a ciki.

Ta ɗora mini abin sauraro, ta ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ɗan sauti. A dama na yi ta ɗagawa. Da aka koma hagu na zauna ina jiran ta fara. Ta tagar gilashi na hango ta, ashe ta riga ta gama, rubutu take yi.

Ta ce a can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, tsaye suke kamar shuka, su ne suke kama sauti. Ƙara mai yawa tana kwantar da su. Wasu sukan miƙe bayan an huta, shi ya sa gyarena yake tafiya ran Litinin a da. Wanda ya karye kuwa ba ya sake tsirowa. Na zauna ina kallon hoton da ta nuna mini. Duk kirarin da kakannina suka bar mana, duk sunan gidajen Oyo da na haddace, ashe a kan 'yan gashin nan suka bi suka shiga kaina.

Na tambaye ta magani. Ta ce na hagu, abin da ya tafi ya tafi. Na dama take so mu yi magana a kai.

Ta ba ni wasu 'yan robobi biyu masu laushi, jajaye, da ɗan rami a tsakiya. Ta ce don makaɗa aka yi su, ba sa kashe kiɗa, ƙarfinsa suke ragewa. Na yi dariya na ce mai kalangu ba duka kawai yake yi ba, magana yake yi, mawaƙi ya faɗa shi ya amsa, ta yaya zan amsa abin da na toshe wa ƙofa?

"Baba Tawa," ta ce, "zaɓi ne biyu. Ko ka ji shi ƙasa-ƙasa har ka tsufa, ko ka ji shi da ƙarfi na ɗan lokaci."

Akwai wata kalma da ta faɗa bayan wannan. Ba zan rubuta ta ba.

Alhamis, da azahar

Robobin suna cikin aljihuna. Ina taɓa su in cire hannu.

Abin da likita ba ta sani ba shi ne labarin Fatai mai jita. Wata shekara a Ede, Fatai ya cusa auduga a kunne muna tsakiyar wasa. Alhaji ya hango. Ya tsayar da waƙa a gaban jama'a, ya tako, ya zare audugar da hannunsa, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ya ce duk wanda muryar Alhaji take damunsa ba zai ci abinci da ita ba. Fatai yanzu faci yake yi a hanyar Iwo. In na wuce a mota nakan kau da kai.

Shi ma mai jita ne, a baya yake tsayawa. Ni fa? Ni ne bakin da yake amsa wa Alhaji. In na toshe kunne a gefensa, zagi ne da ko uban mutum ba a yi wa.

In ban tsaya a hagun Alhaji ba, ban san ko ni wane ne ba. In na tsaya, na dama zai bi ɗan'uwansa. Ina jin tsoro, gara in rubuta shi haka ƙarara.

Asabar, da la'asar

Ina gida. Na aika cewa zazzaɓi ne.

Rabona da ganin Asabar a unguwarmu har na manta. Ashe mata wanki suke yi, maza su zauna gindin bishiya suna musun ƙwallo. Can nesa ana wani biki, makaɗinsu yana cin zarafin kirarin mutane, hannuna yana ta motsi a kan gwiwata yana gyara masa.

Lahadi, bayan azahar

Kamoru ya kira. Ya ce wasan jiya bai yi armashi ba. Wanda ya riƙe mini kalangu ya iya hannunsa, amma Alhaji ya yi ta waigen hagunsa, yana shiga waƙa a makare, har ya yanke wasa tun rana ba ta faɗi ba. Ya ce saƙon Alhaji shi ne ko a gadon asibiti nake a ɗauko ni Asabar mai zuwa.

Na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi ƙwarai.

Gyaren dama ya rage murya tun da na huta. Na hagun yana nan.

Laraba, da safe

Iya Tawa ta zazzage akwati ta fito da hulata ta saƙin ashoke, irin mai kunnen kare, wadda ake ɗage kunnuwanta sama. Ta sa mini robobin da hannunta, ta kifa mini hular, ta sauke kunnuwan suka rufe nawa ruf. Ta ja baya tana kallona.

"Ka zama dattijo sak," ta ce. "Wa zai ɗaga hular babban mutum ya leƙa?"

Na ce yaudarar ubangidana take koya mini. Ta ce ita miji mai jin kira take so, Alhaji ya nemi nasa.

Lahadi, da hantsi

Ban san ta inda zan fara ba.

Buɗe sabon gida aka yi a Oyo, na wani mai motocin haya, Cif Adegbite. Ina sauka daga mota Kamoru ya dubi hulata ya ce, "Baba Tawa, sanyi kake ji a wannan rana, ko Iya Tawa ce ta cije ka a kunne?" 'Yan amshi suka kwashe da dariya. Na ce zazzaɓin ne bai gama sakina ba.

Da aka tashi injin na ji kamar an dulmiya ni a ruwa. Gabana ya faɗi, na ce yau asirina zai tonu. Sai a hankali ruwan ya kwanta. Abin da na saba ji dunƙule guda kamar rugugin aradu ya fara warewa. Ga goran shekere da ake girgizawa daban. Ga ƙananan ganguna daban, har na gane ɗaya cikinsu tana ɗan gaggawa. Ga 'yan amshi, kowa da muryarsa. Ga kalanguna, ba a kunne kaɗai ba, a haƙarƙarina.

Sannan muryar Alhaji.

Tun ina saurayi nake tsaye kusa da muryar nan, ashe ihunta kawai nake ji. Jiya na ji ita kanta. Akwai 'yar tsaga a samanta in ya hau. Akwai numfashin da yake ja kafin ya kira dogon suna. A ƙarshen kowane baiti tana ɗan rawa, kamar ba ta son sakin kalmar. Tsufa ya shige ta, kuma maimakon ya ɓata ta sai ya ƙara mata zaƙi. Tsigar jikina ta tashi. Ina kiɗa hawaye yana bin gemuna, mutane suna tsammanin gumi ne.

Ban taɓa kiɗa irin na jiya ba, kuma shi ya kashe ni. Da mai gidan ya fito rawa, Alhaji ya yi masa kirarin gidan ubansa. Ni kuma sai na tuna uwarsa 'yar gidan maƙeran garin Awe ce, na ɗauko nasu kirarin a kalangu, wanda na tabbata bai ji ba tun rasuwarta. Mutumin ya tsaya cak. Ya tako har gabana yana kuka kamar yaro, ya cire hular kansa mai aikin zinare, ya sa ɗaya hannun ya tuɓe tawa, ya ɗora mini tasa. Wannan kyauta ce da ba a ƙi, ba a kuma kauce mata. Jama'a suka ɗau shewa.

Hularsa ba ta da kunnuwa.

Alhaji yana kallona. Ya dubi kunnen dama, ja a ciki kamar barkono. Bai tsayar da waƙa ba. Ya kai ta ƙarshe, ya shiga motarsa, bai yi wa kowa sallama ba.

Litinin, da la'asar

Shiru. Kamoru bai ɗaga wayata ba.

Talata, da magariba

Na bi ta hanyar Iwo. Wannan karon ban kau da kai ba. Fatai ya yi ƙiba.

Alhamis, bayan la'asar

Da hantsi direban Alhaji ya zo ya ce ana nemana.

Na same shi shi kaɗai a falonsa na sama. Na kwanta rub da ciki na gaishe shi, ban tashi ba. Ya ce in tashi in zauna a kujerar da ke fuskantar taga, inda haske zai sami fuskata. Ya miƙo tafin hannu. Na gane, na zuba masa robobin. Ya jujjuya su, ya matsa ɗaya da yatsa ya ga ta dawo yadda take. Ya tambayi inda na samo su, na kwashe komai na gaya masa, tun daga Iseyin har ɗakin likita. Na sunkuyar da kai ina ba shi haƙuri, sai na ji hannunsa a haɓata ya ɗago ta.

"In ka sunkuya ba na jin ka," ya ce.

Ban gane ba. Ya yi murmushi, sannan kalmar nan da na ƙi rubutawa ya faɗe ta da bakinsa.

"Kurma kake yi wa kiɗa, Ayandokun. Tun kafin a haifi Tawa rabona da jin kalangunka."

Ya ce hannuna yake kallo. In na matse tsarkiya ya san na hau, in na saki ya san na sauka. Sauran kuwa a tafin ƙafarsa yake ji, ta katakon dandamali, shi ya sa yake sa Kamoru ya yi ta ƙarawa, don in bai ƙara ba ƙasa ba ta yi masa magana. Ya ce ko matansa ba su san iyakar abin ba. Fatai ma, ya ce, gaskiya ce ya nuna masa da audugarsa, shi ne bai shirya ganinta ba.

Na zauna baki buɗe. Mutumin da yake cika fili da murya, wanda bai taɓa kuskure sunan kakan kowa ba, wanda yake shiga waƙa daidai kan gaɓa, ashe duk a cikin shiru yake yi. Na rasa ko kuka zan yi ko in sake kwanciya in gaishe shi.

Ya mayar mini da robobin cikin hannuna, ya dunƙule mini yatsuna a kansu.

"Ka riƙa sawa, kuma ba hula. Ka kai Kamoru da sauran wurin matar nan. Dole a cikinmu a sami mai ji."

Na yi godiya na miƙe zan tafi, ya riƙe mini hannun riga. Ban taɓa ganin Alhaji Buraimo yana jin kunya ba sai yau.

"Ran Asabar, da abin nan a kunnenka, ka ji ni?"

Na ce na ji shi, fiye da kowace rana.

"Yaya take yanzu?" ya ce. "Muryar."

Na koma na zauna a cikin hasken. Na gaya masa komai, ban rage ba, har tsagar da ke samanta. Yana kallon bakina bai ko ƙifta ba. Da na gama ya ce in sake faɗa masa daga farko, a hankali.